Kafin Ka Ce Ta Lalace: Nasiha Ga Matasa Kan Hoto Da Sautin Sabuwar Kwamfuta

Ƙannena da 'ya'yana na Rawayau, da na Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyukan da ke kewaye.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, kwamfuta ta daina zama kayan ofis kawai a yankinmu. Da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, har iyayen da ba su taɓa ɗora yatsa a kan maɓalli ba sun gane cewa ɗansu ba zai tsallake ta ba. Shi ya sa za ka ga uba ya kai buhunan hatsi kasuwa, ko uwa ta sayar da tunkiyar da take kiwo, a haɗa kuɗi a sayo wa yaro kwamfuta daga Katsina ko Kano. Ranar da aka kawo ta gida kowa ya taru, aka jona, aka danna, sai allo ya ƙi kawowa. Ko kuma hoto ya fito tar amma babu ko ƙis na sauti. Nan take sai ran kowa ya ɓaci. Wani ya ce an cuce mu, wani ya ɗauko sukundireba zai buɗe cikinta, wani kuma ya ce gobe da sassafe a shiga mota a mayar wa mai ita.

Abin da nake so ku riƙe daga gare ni shi ne, a mafi yawan irin wannan ranar babu abin da ya lalace. Hoto yana da hanyar da yake bi daga cikin kwamfuta zuwa idonka, sauti ma yana da tasa zuwa kunnenka, kuma wani wuri ne ɗaya a kan hanyar aka toshe ko aka karkatar. Ku da kuka taso kusa da madatsar ruwan Zobe kun san aikin mai noman rani. Idan ya tada inji ruwa bai isa fangali ba, ba ya fara kwance injin. Bin tiyo yake yi taku-taku, ya duba inda ya lanƙwashe, inda ya ɓalle, inda aka juya ruwan zuwa wani fangalin. Haka za ku yi da kwamfuta, daga bango har zuwa allo.

A fara da wuta, domin nan ne kuskuren minti ɗaya ke jawo asarar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Yawancin kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso hannunka. Wutarmu ta Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne, ta Amurka kuwa 120. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, kusa da inda ake soka wayar wuta, wanda ake turawa gefe, an rubuta 115 a ɓangare ɗaya, 230 a ɗayan. Idan ta zo yana kan 115 ka jona ta a wutarmu, ƙara za ka ji da ƙaurin ƙuna, akwatin wutarta ya tafi. Duba wannan kafin komai. Cajar laftof ba ta da wannan matsalar, don galibi za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jikinta. Sannan ka tuna allon kwamfutar tebur yana da wayar wutarsa daban da maɓallin kunnawarsa daban. Idan ɗan fitilar da ke ƙasansa bai kama ba ko kaɗan, ba maganar hoto ake ba tukuna, maganar wuta ce. Wanda ke da hali ya sa sitabilaiza a tsakani, musamman in da janareta ko inbata yake aiki.

Yanzu juya kwamfutar ka kalli bayanta da kyau, a cikin haske. Ramukan nan ba ado ba ne, kowanne da aikinsa, kuma guda huɗu ko biyar ne suka shafi hoto.

Akwai mai launin shuɗi, mai ƙananan ramuka 15 a jere uku, da wurin ɗaure sukurori biyu a gefe. Shi ne VGA. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987, ya girmi mafi yawanku, amma har yau shi ne a jikin tsofaffin alluna da majigin makarantu da yawa. Hoto kaɗai yake ɗauka. Ku maimaita wannan har ya zauna: VGA ba ya ɗaukar sauti, ko da wayar ta fi kowace tsada a kasuwa. Kan wayarsa yana da 'yan allurai sirara, kuma idan ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga fuskokin mutane sun koma ruwan hoda ko kore ko shuɗi-shuɗi. Mutane da yawa sun yar da allo mai lafiya a kan allura guda. Cire wayar ka leƙa kanta, ka mayar a hankali, ka ɗaure sukurorin nan biyu da yatsa. Akwai kuma farin da ya fi shi faɗi, DVI, na 1999, wanda shi ma a al'ada hoto kawai yake kaiwa, kuma ya fara ƙaranci.

Sai HDMI, siriri mai kusurwoyi biyu a daddatse ta ƙasa, irin wanda kuka sani a bayan talabijin da dikoda a gidan kallon ƙwallo. An fitar da tsarinsa a ƙarshen 2002, kuma shi yana ɗaukar hoto da sauti tare a waya ɗaya. Yana da ɗan'uwa da ke rikita mutane, wato DisplayPort, wanda ya zo a 2006. Girmansu kusan ɗaya ne, sai dai shi kusurwa ɗaya ce kawai a datse, kuma sau da yawa za ka ga alama mai kama da harafin D da P a kusa da shi. Kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo, irin waɗanda suka cika kasuwarmu, da yawansu shi suke da shi a maimakon HDMI. Idan waya ta ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi. Ƙin shigar nan magana take yi maka cewa ba raminta ba ne. In kuma ka zo cire wayar DisplayPort, duba ko tana da ɗan maɓalli a kanta da ake dannawa kafin a ja, domin tana da ƙugiya a ciki. Na ƙarshe shi ne USB-C, ɗan ƙarami irin na cajar wayoyin zamani. A wasu laftof yana fitar da hoto, a wasu kuma caji da fayil kawai yake yi, alhali a ido duk ɗaya suke. Kafin ka sayi wayarsa, ka tabbatar naka yana fitarwa.

Ga wani tarko da ke kama masu kwamfutar tebur. Wata za ka ga ramukan hoto a wuri biyu: wasu a sama tare da ramukan USB, wasu kuma can ƙasa su kaɗai a wani layi. Na ƙasan na katin hoto ne da aka ƙara mata. Idan katin yana nan, galibi kwamfutar ta cikinsa take fitar da hoto, ta rufe na sama. Ka soka a sama, fanka na juyawa, fitila na ci, allo baƙi ƙirin. Mayar da wayar zuwa na ƙasan kawai.

Shi kansa allon ko talabijin yana da ƙofofi da yawa, kuma ɗaya yake saurare a lokaci guda. Idan ka ga ya rubuta No Signal, albishir ne, don yana nuna allon yana da rai, jira yake a aiko masa. Nemi maɓallin da aka rubuta Source ko Input a rimot ko a jikinsa, ka zaɓi ƙofar da ka soka. Idan a HDMI 2 wayar take, zaɓen HDMI 1 ba zai kawo komai ba ko za a kwana.

Na taɓa zama a wani taron saukar karatu inda aka shirya nuna hotunan ɗalibai da majigi. An ɗaura farin ƙyalle a bango, an tada janareta, iyaye sun cika tabarmi. Majigin ya haska shuɗi kawai. Mutum uku suka kewaye teburin, wannan ya cire waya ya hura mata iska, wancan ya kashe ya kunna, har aka fara maganar a aika a ɗauko wata laftof. Sai wata yarinya da ba za ta wuce aji biyar na sakandare ba ta matso ta nemi izini, ta danne maɓallin da ke da alamar taga, ta haɗa da harafin P. Wani ɗan jeri ya fito a gefen allo, ta zaɓi Duplicate, hoton ya faɗo kan ƙyalle. Abin da ta sani kenan, kuma shi ake buƙata. Jerin nan zaɓi huɗu ne: allon kwamfuta kaɗai, a kwafi hoton a duka biyu, a shimfiɗa shi ya zama alluna biyu daban-daban, ko allo na biyu kaɗai. Idan ka ga hoton bango ya fito a majigi amma aikinka bai fito ba, a kan shimfiɗawa take, canza ta zuwa kwafi.

Sau da yawa ramin kwamfuta da na allo ba sa zuwa iri ɗaya, dole sai da kwambata. A nan ne kuɗin matasa ke salwanta. Kwambata tana da gaba da baya. Wadda ke karɓa daga HDMI ta bai wa VGA ba za ta yi akasin haka ba, domin harshen da ramukan biyu ke magana da shi daban ne, kuma ɗan guntun na'urar da ke cikinta fassarar gefe ɗaya ya iya. Idan ka je saye, faɗa wa mai shago a fili: kwamfutata ramin kaza gare ta, allona kaza. Mafi kyau ka ɗauki hoton ramukan biyu da wayarka ka nuna masa. Ka zaɓi wadda ke da ɗan ramin iyafis a jikinta, domin ta nan ne sautin da VGA ba zai ɗauka ba zai fita zuwa lasifika. Haka kuma ramin HDMI na laftof fitarwa yake yi, ba ya karɓa, don haka jona masa dikoda da nufin kallon wasa a allon laftof ɓata lokaci ne.

Mu koma kan sauti, wanda a ganina ya fi hoto wahalar da mutane, saboda shiru ba ya rubuta maka komai a allo.

Kwamfutar tebur da yawa ba ta da lasifikar kirki a cikinta, wata ma ba ta da ita sam, kuma allo da yawa bebe ne. Sai ka haɗa mata lasifika. A bayanta akwai 'yan ramuka zagaye masu launi. Kore shi ne na fitar da sauti zuwa lasifika ko iyafis. Ruwan hoda na makirfo ne. Shuɗi na shigo da sauti ne daga wata na'ura. Sau nawa aka soka lasifika a shuɗi aka zauna jiran ikon Allah! Laftof kuwa galibi rami ɗaya gare ta da ke haɗa ji da magana. Dubi kan iyafis ɗinka: idan zobba biyu ne a jikin ƙarfen, na ji ne kawai, idan uku ne yana da makirfo. Wanda ke da kai biyu, kore da ruwan hoda, yana buƙatar 'yar waya mai haɗe su kafin ya yi aiki sosai a rami ɗaya. Masu karatu ko ganawar neman aiki ta intanet su lura da wannan tun kafin ranar.

Abin da ya fi yawa shi ne kwamfuta ta aika sautin wani wuri da ba ka sani ba. Da zarar ka jona HDMI, Windows kan ɗauka cewa allon nan yana da lasifika, sai ta tura sautin can. Idan allon ba shi da ita, sautin ya tafi inda ba mai ji, lasifikar laftof kuma ta yi tsit. Wani lokaci kuma akasin haka ne, kana son talabijin ta yi magana amma laftof ce ke ta ƙyas-ƙyas. Maganin duka ɗaya ne. Danna alamar lasifika da ke ƙasa ta dama kusa da agogo, buɗe jerin na'urorin da take gani, ka zaɓi wadda kake so. Sunan talabijin ko allon zai fito a jerin, haka ma Speakers, wanda sau da yawa yake tare da sunan Realtek. Duba kuma ko ta maƙale wa wata lasifikar Bluetooth da ke kunne a ɗakin maƙwabci. Sannan ƙananan abubuwa: maɓallin kashe sauti da ke layin sama na madannai, ƙarar talabijin ɗin kanta, da ƙarar manhajar da kake kallo a ciki. Kowannensu shi kaɗai ya isa ya kawo shiru.

Ga masu haɗa laftof da amfilifaya a masallaci ko Islamiyya ko wurin biki, abu biyu. Ku soka a ramin da aka rubuta Aux ko Line, ba na makirfo ba, domin sautin laftof ya fi ƙarfin ramin makirfo, shi ya sa karatu ke fita a dagule kamar lasifika ta fashe. Idan kuma kun ji wani gunji yana bin sautin, cire cajar laftof ku saurara. In ya ɗauke, daga wuta yake, ba daga lasifika ba. Ku jona amfilifaya da laftof a soket ɗaya, ku yi amfani da caja ta asali, ko ku bar ta a kan batir har a gama. Gidajenmu da yawa ba a yi musu wayar ƙasa ba, shi ya sa wani lokaci jikin na'ura ke ɗan jan mutum. A irin wannan gida ina ba da shawara a kashe talabijin da kwamfuta kafin a soka ko a cire HDMI, domin ramin da ya ƙone gyaransa sai an taɓa babban faranti.

Idan waya da rami da zaɓi duk sun yi daidai, saura direba. Direba wata 'yar manhaja ce da ke koya wa Windows yadda za ta yi magana da kowane sashe na kwamfutar. Masu shago kan goge kwamfuta su ɗora sabuwar Windows kafin su sayar, kuma a cikin sauri wasu ba sa ƙarasa direbobi. Alamunsa a bayyane suke: rubutu ya yi ƙato-ƙato, fuskoki sun baje, hasken allo ya ƙi raguwa, HDMI ya ƙi fitarwa, ko alamar lasifika ta fito da ɗan jan kuros. Danna alamar taga da gefen dama na linzami, ka buɗe Device Manager. Duk inda ka ga alama mai ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, nan ne giɓin. Idan a wurin hoto ka ga Microsoft Basic Display Adapter, direban gaske bai hau ba. Jona intanet ka bar Windows Update ta yi aikinta, ko ka juya laftof ka karanta sunan samfurinta a ƙasa, ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sauko da na hoto da na sauti. Na san data tana da tsada, kuma sabis a ƙauye yana zuwa yana ɗaukewa. Don haka ranar da ka shiga Dutsin-Ma ko Katsina ka sauke su, ka ajiye a filashi. Ka guji manhajojin da ba ka san asalinsu ba masu alkawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya, domin wasunsu talla da cuta suke shigowa da su. Ka kuma sani cewa Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka mai saye yanzu ya tambaya ko kwamfutar tana ɗaukar Windows 11.

A duk wannan bincike akwai ƙa'ida ɗaya da na fi damuwa da ita fiye da sunayen ramuka: canza abu ɗaya, gwada, sannan ka canza na gaba. Wanda ya canza waya, ya canza rami, ya taɓa saiti duk a lokaci guda, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara ba, gobe in ya dawo yana nan inda yake. Ari wayar aboki ka gwada da kwamfutarka. Kai wayarka gidan da ke da talabijin mai aiki. Da haka za ka ware mai laifi cikin ukun nan, kwamfuta ko waya ko allo, kuma sau da yawa wayar ce, don ita ta fi araha kuma ita ta fi shan wahala. HDMI mai arha in ta yi tsawo sosai, kamar ta wuce mita 10, takan riƙa kawowa tana ɗaukewa.

Ba na cewa kwamfuta ba ta lalacewa. Idan ka kunna tana ƙara ɗit-ɗit-ɗit ko fitilarta na ƙyaftawa a jere ba hoto, sau da yawa katin RAM ne ya motsa saboda girgizar hanya ko ƙura ta shiga tsakani, kuma kun san ƙurar hunturunmu. Idan allon laftof baƙi ne amma da ka haska shi da tocila ka hango hoto dishi-dishi, fitilar bayan allon ce ta mutu. Idan allonta bai kawo ba amma ta kawo a talabijin, matsalar tana allon ko wayarsa ta ciki. Waɗannan na mai gyara ne, musamman in akwai sauran garanti, domin buɗe ta da kanka zai ba mai shago hujjar ƙin karɓa. Amma dubi bambancin wanda ya je ya ce "ta lalace" da wanda ya je ya ce "tana kawowa a talabijin, allonta ne ba ya haske". Na biyun an san ya san abin da ya kawo, kuma da wuya a caje shi kuɗin abin da bai lalace ba.

Duk wanda Allah ya ba wannan ɗan sani a cikinku, amana ce. Dattijo zai kawo maka kwamfutar ɗansa hankali a tashe, ka gani da idonka maɓalli ɗaya ne. Kada ka ce masa a bar ta kwana biyu sai an sayo kaya. Danna maɓallin a gabansa, ka nuna wa yaron yadda ake yi. In sana'arka ce, karɓi ladan lokacinka daidai gwargwado, ba laifi. A gari irin Rawayau kowa ya san kowa, kuma mai gyaran da aka shaida da gaskiya ba ya rasa aiki. Ku kuma 'yan mata, kada ku ajiye kwamfuta a lulluɓe kuna jiran yaya ya dawo daga makaranta. Babu abin da na ambata a nan da ke buƙatar ƙarfin damtse.

Ga wanda bai riga ya saya ba, Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Ko a kasuwar Farm Centre ta Kano kake ko a wani shago a Katsina, tafi da iyafis ɗinka da filashi mai ɗauke da karatu ko bidiyo. Ka sa a kunna ta a gabanka, ka ji lasifikarta ta hagu da ta dama, ka soka iyafis, ka yi magana a makirfo ka saurari muryarka, ka roƙi a jona ta da allon shagon ta kowane ramin hoto da take da shi. Ka sa a rubuta maka lambar jikinta da kwanakin garanti a rasit. Idan mai shago ya ƙi yarda a gwada, yi masa godiya ka wuce shago na gaba.